Direban da Ya Roƙi a Sa Sunansa a Waƙa

Wata rana wani tsohon direba mai suna Nomau ya durƙusa gaban maigidansa, ya roƙi abu ɗaya tak.

Ya ce, "Maigida, kafin ƙasa ta rufe idona, ka ambaci sunana a waƙa. Ko sau ɗaya ne."

Shi ke nan roƙon. Bai haɗa da gida ba, bai haɗa da kujerar Makka ba.

Bari in gaya muku ko wane ne maigidan.

Sunansa Cindo, ana ce masa Cindo Mai Jita. Tsohon makaɗi ne, irin masu jitar lantarki ɗin nan mai tsawa, kiɗan da ake kira rok. A zamaninsa in aka ce Cindo zai yi wasa, to ranar masu shayi ma rufe tebur suke yi su tafi kallo.

Daga Jos zuwa Kano, daga Maraɗi zuwa Agadas, babu otal ko filin wasan da bai girgiza ba.

Yanzu ya tsufa, amma kada ka kuskura ka faɗa masa. Gashi ya sha baƙin rini, ga rigar fata a tsakiyar bazara, gumi na bin wuya, shi a dole matashi.

To duk wannan yawon duniya da Cindo ya yi, Nomau ne ya kai shi.

Shekara talatin da ɗoriya yana jan wata doguwar mota tsohuwar yayi da 'yan ƙungiyar kiɗan Cindo suke kira Giwa. Ganguna a sama, lasifika a but, makaɗa a baya, Nomau a kan sitiyari.

Giwa tana da ciwo guda. Salansarta ta fashe daidai ƙarƙashin kujerar direba, ƙasan motar kuma tsatsa ta cinye shi har ya huje. Hayaƙin da ya kamata ya fita ta baya, ta tsakanin ƙafafun Nomau yake tasowa.

Na baya suna shan iska ta taga, shi yana shan hayaƙi.

Ya ɗaure da gwangwani da waya, ya liƙe da tsumma, kwana kaɗan abin ya sake buɗewa. In ya ce, "Maigida, a taimaka a gyara salansar nan," sai Cindo ya ce, "In mun dawo daga wasa."

Jama'a, shekara talatin ba a dawo daga wasan nan ba.

A haka tari ya kama Nomau. Da fari na safe ne kawai, daga baya ya zama abokin zama. Tari ne mai zurfi, in ya taso sai ya naɗe shi biyu, in ya sake shi kuma sai ka ji numfashinsa yana fito.

Za ka ce me ya hana shi barin aikin? Sabo turken wawa. Kuma akwai abin da yake jira.

A cikin motar nan Cindo yake haɗa waƙoƙinsa. Yana zaune a baya, jita a cinya, yana jero sunaye. Alhazan kasuwa, 'yan siyasa, masu otal. Har wata mai tuwo a tasha ta samu baiti, don kawai ta ƙara masa tsoka biyu a miya.

Duk a bayan ƙeyar Nomau ake kiran sunayen nan. Nasa bai taɓa fitowa ba.

Ku da kuka tashi a zamanin waya ba lalle ku gane ba. A wurin mutanen da, wanda makaɗi ya ambata bai mutu ba. Ana nan wata rana rediyo zai saka waƙar, jikansa ya daki ƙirji ya ce, "Kakana ne wannan."

Nomau bai tara komai ba a duniya. Abin da yake so ya bar wa zuri'arsa ke nan.

Ana nan, zamani ya juya. Yara masu kiɗan kwamfuta suka ƙwace fage, aka daina neman Cindo. Shi kuwa irin mutanen nan ne da gara a zage su da a manta da su.

Sai ya ji labarin wata ƙungiya mai fafutukar kare muhalli tana neman sanannen bakin da zai yi mata kamfen a kan hayaƙin motoci. Kafin ka ce kwabo, Cindo ya zama masoyin iska mai tsabta.

Mutumin da bai taɓa gyara salansa ba!

Ya kai Giwa gareji, aka tsige injinta, aka jera mata batura, aka shimfiɗa farantan sola a rufinta. Ta fito ba ƙara, ba hayaƙi, tana tafiya sumul kamar ɓarawon kaji.

Ya kuma sanar cewa zai fitar da sabon faifai, gaba ɗayansa a kan motoci da wutar rana, mai suna "Ba Hayaƙi".

Akwai waƙar batir. Akwai waƙar rana. Akwai ta taya, akwai ta caji. Wallahi har abin goge gilashi ya samu baiti biyu.

Sabuwar Giwa ba giya ba kuloci, ko tsoho mai ciwon gwiwa zai iya janta. Don haka Cindo ya kira Nomau ya karɓe makulli daga hannunsa, ya ce ya je gida ya huta, shi zai ja abarsa da kansa.

A ranar ne Nomau ya durƙusa ya yi roƙon nan da na fara gaya muku.

Bai gama rufe baki ba tari ya sarƙe shi. Cindo ya tsaya yana kallonsa, ya karkata kai yana saurare, kamar yadda yake yi in ana ɗaure masa ganga.

Sai ya yi murmushi ya ce, "Ka zo situdiyo ranar Laraba."

Allah sarki. Nomau ya koma gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Ranar Laraba ya yi wanka, ya fesa turare, ya je. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai sanyin na'ura, aka tsayar da shi gaban makirufo. Cindo da yaron situdiyo suna bayan gilashi.

Aka ce ya faɗi sunansa da na garinsu.

Ya gyara tsayuwa ya fara. Sanyin ɗakin ya daki ƙirjinsa, tari ya taso. Ya yi, ya yi, ya dafa bango, hawaye na zuba, yana ɗaga hannu yana neman afuwa.

Yaron situdiyo ya kai hannu zai tsayar da ɗauka. Cindo ya riƙe masa hannu.

Ya ce, "Bar shi. Ƙara sanyin nan ma."

Nomau bai ji ba, gilashi ne tsakaninsu. Da tarin ya lafa ya ce a yi haƙuri, a sake ɗauka. Cindo ya ɗaga masa babban yatsa ya ce ai an gama, ya yi kyau ƙwarai.

Tun daga ranar babu wanda bai ji labari ba a unguwarsu. Majalisar ƙofar masallaci, mai kanti, mai wanki, kowa Nomau ya tarar sai ya ce, "Maigida ya sa ni a faifai. Har muryata aka ɗauka."

Yana da ɗa guda, Tanimu, magidanci ne, tela a bakin kasuwa. Tanimu ya ajiye ɗinkin mutane ya zauna ya yi wa ubansa babbar riga fara ƙal, da aiki a wuya. Ya ce, "Baba, ranar nan taka ce, dole a gan ka."

Ranar ƙaddamarwa ta zo. Babban ɗakin taro, bayan la'asar, ya cika ya batse. Nomau ya zo da Tanimu da abokan majalisarsa, mota guda suka yi shata. Aka ba shi kujera a layin gaba, abin da bai taɓa samu ba, shi da ya saba jira a waje kusa da taya.

A kan dandamali an ajiye tsohon injin Giwa, baƙi ƙirin, don mutane su ga abin da aka rabu da shi.

Manya suka yi jawabi. Wani ya ce hayaƙin mota yana kashe talaka a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Aka tafa. Nomau ma ya tafa.

Cindo ya hau da rigarsa ta fata. Ya yi waƙar batir, ya yi ta rana. A gaskiya hannun nan bai mutu ba, wurin ya ɗauka.

Sai ya ce, "Saura babbar. Wannan ta wani tsohon abokin tafiyata ce."

Tanimu ya matse hannun ubansa. Nomau ya gyara hula.

Aka yi tsit.

Daga cikin manyan lasifikan nan sai tari ya fito.

Tarin Nomau ne. An yanka shi, an jera, an maimaita, har ya zama kamar tsohon inji da ake ta murza wa makulli ya ƙi tashi. Fiton numfashin nan ma an bar shi a ciki. Ganga ta hau kansa, jita ta biyo baya.

Cindo ya buɗe baki:

"Nomau tsohon inji,
Nomau buhun hayaƙi,
A tura ka, ka ƙi tashi,
A bar ka, ka yi ta tari.
Zamani ya bar ka a hanya,
A kwance a kai wa 'yan gwangwan."

Ɗaki ya fashe da dariya. Wasu har da bubbuga kujera.

Nomau yana zaune da murmushin da ya shirya tun daga gida, ya rasa yadda zai sauke shi.

Sai mai gabatarwa ya hango shi. Ya ce, "Af! Ga ma mai tarin nan a gaba! Baba, tashi a gan ka!"

Aka haska shi da fitila, fuskarsa ta cika babban allo. Mutumin da ya shekara talatin ana cewa tashi ya tashi, yau ma sai ya miƙe.

Ya buɗe baki, Allah kaɗai ya san abin da zai ce. Tari ya riga shi.

Tirƙashi! Wurin ya kece da ihu da tafi, wayoyi suka tashi sama. Mutane sun ɗauka shiri ne, cikin wasan ne.

Abokan majalisa suka sunkuyar da kai. Tanimu ya kama ubansa ya ja shi waje.

Nomau ya ƙi tafiya gida. Ya je ya tsaya kusa da Giwa, inda ya saba tsayawa, har taro ya watse Cindo ya fito yana share gumi.

Nomau ya ce, "Maigida, me na yi maka?"

Cindo ya ce, "Kai fa ka roƙa. Alhazai baiti ɗaya nake ba su, kai waƙa guda na ba ka sukutum."

"Amma tarin nan, a motarka na same shi."

Cindo ya buɗe ƙofa, ya zauna, ya dube shi.

"To ka ga ashe kayana ne. Abina na ɗauka."

Ya ja ƙofa ya rufe. Motar ta sulale ta tafi, ko ƙara babu.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Amma kun san halinmu.

Duk faifan nan babu waƙar da ta tashi sai ta Nomau. Ta batir da ta rana ko a kwalar mutane. Wannan kuwa ta shiga gidan biki, ta shiga shagon aski, ta shiga adaidaita. Samari da 'yan mata suka mayar da ita gasa, kowa ya naɗe biyu gaban waya yana tarin ƙarya, ana zuba masa alamar dariya.

Duk motar da ta wuce tana hayaƙi, sai ka ji an ce, "Ga Nomau nan!"

Cindo ya dawo tashe. Ana gayyatarsa taro ƙasa-ƙasa, yana magana a kan haƙƙin kowane ɗan Adam ya shaƙi iska mai kyau.

Shi kuwa mai sunan, hanyar masallaci ta gagare shi. Yara suna binsa a baya suna tari. In ya waiwaya su watse, in ya juya su dawo. Manyan ba sa yi a gabansa, amma da ya yi tari a sahu sai ya ga kafaɗun wasu suna motsi.

Sai ya fara abin da ya ƙarasa shi. Ya fara riƙe tarin.

In ya taso sai ya datse baki, ya cusa hannun riga, jijiyoyin wuya su tashi, ido ya yi jajir. Ya daina zuwa majalisa. Ya koma salla a ɗaki. Ko a ɗakin ma sai ya danna fuska a filo, don kada maƙwabta su ji ta katanga.

Tanimu yana cewa, "Baba, don girman Allah ka yi tarinka. Gidanka ne fa."

Sai ya girgiza kai.

Tanimu ya je wurin Cindo ya roƙe shi ya janye waƙar. Cindo ya ce magana zarar bunu ce, abin da ya shiga wayoyin mutane ya fi ƙarfinsa. Ya ƙara da cewa ai gode masa ya kamata su yi, wa ya san ubansa a da?

Tanimu ya dawo yana huci, ya ce kotu za shi. Nomau ya riƙe masa riga.

Ya ce, "Me za ka gaya wa alƙali? Da bakina na roƙa, Tanimu. Har durƙusawa na yi."

Wallahi wannan maganar ta fi komai ƙona min rai.

Ciwo ya ci gaba, har ya fara tofar da jini. Da ƙyar da lallashi Tanimu ya kai shi asibiti. Suna zaune a benci, layi ya zo kansu, mai kiran marasa lafiya ya ɗaga murya ya kira sunansa.

Duk bencin ya juyo. Wani ya ce, "Kai, shi ne?" Wata ta zaro waya ta saita shi, tana jira ya yi.

Nomau ya miƙe a hankali, bakinsa a datse, ya kama hanyar ƙofa. Bai ga likita ba, bai kuma sake yarda an kai shi ba.

Bai daɗe ba bayan nan, wata safiya Allah ya karɓi abinsa.

Aka yi masa wanka, aka sa shi a likkafani, aka fito da shi ƙofar gida. Mutane sun taru ba laifi, har da waɗanda ba su san shi ba, sun dai ji an ce mai tarin nan ne ya rasu. Cindo bai zo ba, yana wata ƙasa karɓar lambar yabo.

Liman ya shiga gaba. Tanimu yana sahun farko, daidai kan ubansa.

Kun san sallar gawa, babu ruku'u babu sujada, daga kabbara sai shiru.

Liman ya yi ta farko. Ya yi ta biyu.

A cikin shirun nan sai aka ji tari.

Tanimu ya san tarin nan. Da shi ya tashi tun yana yaro, da shi yake gane ubansa ya dawo daga tafiya. Ko cikin mutum dubu ba zai ɓace masa ba.

Ya saki salla ya faɗa kan makara.

"Liman, tsaya! Da ransa! Wallahi Baba da ransa!"

Yana kuka yana kiciniyar kwance ɗaurin likkafani, yana cewa, "Baba, yi tarinka, ga ni nan. A kawo ruwa! Jama'a, a kawo ruwa!"

Tarin ya sake fitowa. A wannan karon sai ganga ta biyo shi, sannan jita.

A sahun baya wani bawan Allah yana ta laluben aljihun rigarsa. Kira ne ya shigo masa, ya manta bai kashe waya ba.

Dattawa biyu ne suka ɓamɓare hannun Tanimu daga jikin likkafanin. Aka mayar da ɗaurin, liman ya sake tayar da salla daga farko.

Darasi:

Wanda bai tausaya wa ƙirjinka ba, kada ka damƙa masa sunanka. Mutumin da ya bari kana shan hayaƙi a ƙarƙashinsa shekara da shekaru ya riga ya gaya maka matsayinka, kai ne dai ba ka so ka ji ba.

Kuma ba duk mai wa'azin gyaran duniya ne ya gyara tsakaninsa da na kusa da shi ba. In ka ga mutum yana kuka saboda iska da bishiyoyi, leƙa ka ga yadda direbansa da mai gadinsa suke numfashi.

Sannan mu. E, mu masu wayoyi. Cindo waƙa ɗaya ya yi, amma ba shi ya bi tsohon nan a lungu ba, ba shi ya saita masa waya a asibiti ba. Kafin ka danna alamar dariya, ka tsaya ka tambayi kanka, wannan abin da nake yi wa dariya, ciwon wane ne?

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya kare mana mutuncin iyayenmu.

Yatsan nan naka ya sha tura abin da bai kai wannan ba. Yau ka tura wa mutum biyu: mai yaran aiki a ƙarƙashinsa, da abokin nan naka da kullum shi ke fara kawo bidiyon dariya a guruf.